Yadda Za Ka Kai Wa Surukinka Lasifikar Da Kamfani Ya Yanke Wa Ranar Mutuwa

Wannan darasi na wanda ya wayi gari da saƙon kamfani ne, irin saƙon da ke farawa da godiya. Duk kamfanin da ya fara da gode maka, wani abu ya zo karɓa. A wannan karon lasifikarka ce, mai jin magana tana amsawa, wadda ka ɗora bisa teburin falo kana kiran sunanta gaban baƙi. Sun ce sun daina yin irinta, kuma bayan Babbar Sallah za su kashe injinan da take tunani da su can ƙasarsu. Daga ranar ta zama gwangwani mai igiya.

Kada ka damu. Ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari za ka rabu da ita, ka samu rago, a riƙa ba da labarin kirkinka daga Kaura har Jangeru. An gwada hanyar. Wanda ya gwada Malam Murtala ne, malamin lissafi a wata sakandare a Kaura Namoda, mai lasifikar da ake kira Nadiya. Da shi za mu yi misali.

Mataki na 1: Ka yi fushinka cikin waya, ka gama shi can

Fushi haƙƙinka ne, tunda shi kaɗai kamfanin ya bar maka. Malam Murtala ya shiga wani zauren waya da masu irin lasifikar suka buɗe, ya tarar kowa na huci. Wani lauya ya ce zai kai ƙara. Wani ya ce tasa ko ƙura ba ta yi ba. Wani mai zurfin karatu ya bayyana musu cewa jikin kawai suka saya, ran yana hannun kamfani, kuma da hannunsu suka danna "na yarda" a ƙarƙashin dogon rubutun da babu wanda ya karanta. Aka zage shi, aka fitar da shi daga zauren.

Malam Murtala ya rubuta wa kamfanin Turanci mai zafi, irin wanda rabonsa da shi tun yana neman aiki. Amsa ta zo nan take. Sun fahimci damuwarsa, damuwarsa na da muhimmanci gare su, kuma ga rangwame idan yana son sabuwar da suka fitar.

Ka huce a nan. Abu ɗaya dai: kada matarka ta ji. Rukayya, matar Malam Murtala, ta gan shi yana dannar waya kamar mai kashe cinnaku, ta ce, "Baban Asta, lahiya?"

Ya ce, "Ƙwallo ce."

Haka ake yi. Namiji na iya fakewa da ƙwallo har ranar da zai yi ritaya.

Mataki na 2: Kada ka wahalar da kanka wajen sayarwa

Masu shagon waya sun riga ka ji. Kullum suna riga ka ji. Malam Murtala ya nannaɗe Nadiya cikin jarida ya kai wa Salim, wani mai shago kusa da tasha, ya ce ya gaji da ita ne kawai. Salim ko buɗe jaridar bai gama yi ba.

"Yallaɓai, wagga da za a kashe? Diba ƙarƙashin benci, 'yan uwanta na nan suna jira."

Ya duba. Suna nan kuwa, a jere, kowace da igiyarta nannaɗe a wuya.

Mataki na 3: Ka zaɓi mutumin da ba zai iya buɗe baki ba

Nan ne ilimin yake, saboda haka ka natsu.

Abin da ba ya sayuwa, kyauta ake yi da shi. Amma kada ka ba aboki, zai dawo maka da ita har gida ya zauna ya ci tuwonka yana zaginka. Kada ka ba shugabanka na wurin aiki, yana da 'ya'ya masu bincike a waya. Kada ka ba ƙanenka, shi dama neman abin da zai faɗa wa dangi yake yi.

Ka ba surukinka.

Mutane na cewa kunyar suruki tarbiyya ce. Wataƙila. Amma ka dube ta da idon mai lissafi: ga mutum wanda ba ya iya kiran sunanka kai tsaye, ba ya cin abinci gabanka, ba ya iya tambayar ka nawa ka saya, balle ya ce abin da ka kawo ya lalace. Kamfanonin duniya sun kashe dukiya suna neman mai saye irin wannan ba su samu ba, kai ga shi aure ya ba ka.

Surukin Malam Murtala shi ne Malam Tukur na Shinkafi, tsohon malamin Larabci. Yanar ido ta rufe masa gani, littattafansa na jere a zaure yana shafa su da hannu, karatu kuwa sai abin da ke ka. Ba ya karanta saƙon waya. Abokan da yake hira da su da Larabci duk sun riga shi tafiya. Da Malam Murtala ya tuna Nadiya na jin Larabci, sai da ya tashi ya zaga falo. A ransa har ya fara ganin abin kamar sadaka.

Idan kai ma ka fara ganin haka, kana kan hanya.

Mataki na 4: Ka mayar da ita kwalinta, ka tafi ranar kasuwa

Kwali shi ne rabin kyauta. Idan ka yar da naka, ka koma wurin mai shago, yana da su da yawa yanzu.

Ka tafi ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, cikin jerin motoci. Hanyar nan mutum ba ya bin ta shi kaɗai, ka sani na sani. Kuma akwai riba: duk wanda ya bi ta don kai kyauta, an fara yaba masa tun kafin a buɗe kwalin.

Malam Murtala ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya durƙusa nesa da buzun Malam, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi Kaura da mutanen Kaura da ruwan bana. Sannan ya turo kwalin da hannu biyu.

"Baba, ɗan abin hira ne. Ba shi da yawa."

Ya jona ta da wutar sola, ya haɗa ta da ɗan akwatin intanet da ya zo da shi, ya ce Malam ya kira ta. Malam Tukur ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar zai shiga wurin alƙali, ya yi mata sallama cikakkiya. Ta amsa cikakkiya. Ya tambaye ta wani abu cikin Larabci, ta amsa. Ya ƙara wani, mai wuya, ta amsa rabi, ya gyara mata, ta yi godiya.

Tsohon ya yi dariya har haƙoransa biyu na gaba suka fito. Rukayya ta ce daga baya rabon da a ji wannan dariya a gidan tun kafin idon ya rufe.

"Malamin Kaura," in ji shi, don haka yake kiran surukinsa, "wagga ɗiya tana da ladabi. Wa yak karantar da ita?"

"Turawa, Baba."

"To sun yi ƙoƙari. Saura kaɗan."

A nan za ka ji wani abu ya motsa a ƙirjinka. Kada ka kula shi, yajin kilishin tasha ne.

Da Malam Murtala zai tafi, Malam ya sa aka kwance ragon da ya yi wata da watanni yana ba dusa don layyarsa, aka ɗaure shi a bayan mota. Ka ƙi karɓa sau biyu. Na uku ka karɓa. In ka ƙi na uku ka raina shi, in ka karɓa na farko ka raina kanka.

Mataki na 5: Ka zauna ka sha yabo

Wannan matakin ba ya son aiki. Labari zai yi tafiyarsa.

Zauren Malam Tukur ya cika. Bayan sallar asuba Nadiya na karanta masa littattafan da ya yi shekaru yana shafawa, yana tsayar da ita yana gardama. Da hantsi maƙwabta na shigowa tambayar ta ko za a yi ruwa. Wani manomi daga Badarawa ya tambaye ta maganin tsutsar dawa, ta ba shi amsar da ta dace da gonar wata ƙasa, ya tafi yana jinjina kai don gamsuwa. Malam ya ɗauki tsohuwar rediyonsa, wadda ta girmi Rukayya kuma ba ta taɓa zuwa wurin mai gyara ba, ya ba wani ɗan'uwansa na Gurbin Bore, ya ce shi ya samu abokiyar hira.

Ɗayan surukin gidan, Halilu na Zurmi, ya zo gaisuwa da kwalbar zuma. Zuma ce mai kyau, ta saƙa, ba a tsarma ta ba. Aka karɓa, aka ce an gode, aka ce ya zauna ya ji Nadiya.

Ita kuwa Inna Kulsumu, matar Malam, ta ɗauki hidimar baƙuwar. Ta ɗinka mata mayafin leshi. Tana tura mata turaren wuta ranar Juma'a. Tana goge ta da tsumma mai ɗan ruwa, don ba za a ce surukinta ya kawo abu daga birni an bar shi da ƙura ba.

Ka riƙe zancen tsumman nan. Ba kai ka shirya shi ba, amma mai sa'a ba ya shirya komai.

Mataki na 6: Ranar da abin zai faru, ka tanadi ƙaryarka ka jira

Sallah ta wuce. An ci rago, an soya, an cika garwa. Ranar da kamfani ya sa ta zo, Nadiya ta yi shiru a Shinkafi kamar yadda 'yan uwanta suka yi a ko'ina cikin duniya.

Malam Murtala ya shirya amsarsa tsaf. Matsalar layi ce. Mu nan mun taɓa yin watanni babu layin waya gaba ɗaya, kowa ya san na'ura na iya ɗauke numfashi ba laifin kowa. Ya maimaita maganar a banɗaki har ta zauna masa a baki. Ya ajiye waya kusa, yana jira.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Mako ya shige. Wani ya bi shi.

Ka ga amfanin mataki na uku ke nan.

Sai Rukayya ta je ganin gida ta dawo fuska a kumbure. Ta bari 'yarsu Asta ta yi barcin rana, ta zo ta zauna gefen kujera.

"Baban Asta, zan hwaɗa maka wata magana, amma ka rantse ba ka ji ba."

Ya ce ta faɗa.

"Inna ta kashe Nadiya."

Ya dube ta.

"Ta goge ta da tsumma da yamma, da sahe Baba ya yi sallama ba ta amsa ba. Ta ce ranan ruwan ya yi yawa, ta ji a jikinta. Ta ɓoye ta cikin zane ta bi mota har Zurmi wurin wani mai gyara don kada a gan ta a Shinkafi. Ya buɗe, ya hura, ya ce ruwa ya shiga ƙwaƙwalwa. Yanzu ko abinci ba ta ci sosai. Tana zancen ta sai da tunkiyarta ta sayo wata kahin ka zo."

"Baba fa, mi yac ce?"

"Bai ce komi ba. Shi ne abin da ke kashe ta. Yana zaune zaure daga asuba har azahar, ba rediyo, ba hira. Sun roƙe ni kada ka sani. Don Allah in ka je, ka yi kamar ba ka sani ba."

Ka lura da kyau. Mutumin da ya kwana yana shirin yin kamar bai sani ba, yau ana roƙon sa da Allah ya yi kamar bai sani ba. Ko kamfanin da ya ƙera lasifikar bai iya tsara abu haka ba.

Ka yi ajiyar zuciya. Ka ce, "Kayan duniya ne." Matarka za ta dube ka da irin kallon da rabonka da shi tun kuna amarci.

Mataki na 7: Ka je ka yafe

Dole ka je, rashin zuwa zai sa a zargi wani abu.

Malam Murtala ya tarar da zauren shiru. Nadiya na nan wurinta ƙarƙashin leshi, an ma ƙara mata ɗan faifai a ƙasa. Malam Tukur ya rame a wuya. Aka gaisa, aka tambayi Kaura.

"Baba, ya baƙuwar taku?"

"Lahiya lau. Tana hutawa."

"Madalla. Ai suna son hutu."

"Awo. Ta yi aiki."

Suka zauna su biyu suna fuskantar leshi, kowa na yaba abin da ke ƙarƙashinsa. Malam ya ce muryarta na da daɗi. Murtala ya ce ƙirar ma mai ƙarfi ce.

Sai ga motsi bayan ƙofar cikin gida. Inna Kulsumu ba ta shigo ba, suruka ba ta shigowa. Daga can ta yi magana.

"Baban Asta, ba ni iya ɓoyewa. Ni ce. Hannuna ne. Ka bi mugunyar hanya ka kawo muna abin arziki, ni kuma na lalata. Ka yahe mini."

Wannan ita ce jarrabawar darasin gaba ɗaya, kuma a nan masu rauni ke faɗuwa. Maganar gaskiya za ta taso maka har maƙogwaro. Gajeruwa ce, numfashi ɗaya ya ishe ta: Inna, ba ke ba ce. Malam Murtala ya ji ta ta iso bayan haƙoransa. Ya dubi buzu, ya dubi littattafai, ya tuna rago, ya tuna Halilu da kwalbar zumarsa, ya tuna kallon Rukayya.

Ya ce, "Haba Inna. Na yahe. Kada ki sake tuna shi."

Ta fashe da kuka, tana sa masa albarka, shi da zuriyarsa.

Ka karɓi albarkar. An riga an bayar, ba a mayarwa.

Mataki na 8: Ka sayi sabuwa

Za ka yi tsammanin ka gama. Ba ka gama ba. Albarkar tsohuwa da ba ka cancanta ba tana da nauyi, ba ta barin mutum ya ji daɗin shayi. Maganinta ɗaya, kuma kamfani ya riga ya turo maka shi tun mataki na farko.

Malam Murtala, wanda ya rubuta cikin zauren waya cewa ko kyauta aka ba shi kayan kamfanin nan ba zai karɓa ba, ya nemo saƙon rangwamen. Da ya leƙa zauren sai ya ga lauyan nan mai kai ƙara ya sa hoton tasa sabuwa, yana cewa sautinta ya fi. Haka masu fushi suke ƙarewa, layi suke bi.

Ya kai ta Shinkafi wata Alhamis, shi da Rukayya. Wannan karon kwalin na gaske ne. Ya jona, ya haɗa, Malam ya yi sallama, ta amsa. Tsohon bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu ya shafa ta sama da ƙasa, kamar mai duba dabba a kasuwa.

"Malamin Kaura."

"Na'am, Baba."

"Tambaye ta tun yanzu, ita yaushe ne ranarta."

Murtala ya ce bai gane ba.

"Ranad da masu ita za su kashe ta. Waccan da bakinta tah hwaɗa mini, da Larabci mai kyau, kullum da sahe kahin mu fara karatu. Tun kahin Sallah take ban kwana. Har tac ce an aika wa mai ita da saƙo tuntuni." Ya janye hannunsa ya mayar cikin riga. "Ban ga amfanin in hwaɗa ba. Kai suruki ne, kuma ka sha hanya. Amma wagga ka samo mini ranar, in hana Kulsumu goge ta wannan makon."

Malam Murtala ya buɗe baki. Babu ƙwallo a Shinkafi ranar, babu matsalar layi. Ya rufe.

A bakin ƙofar cikin gida, Rukayya na tsaye da ƙwaryar fura da ta kawo wa mijinta. Ba ta ajiye ba. Ta dubi mijin, ta dubi uban, maza biyu masu karatu da suka bar tsohuwa ta yi wata tana kuka don kada ɗayansu ya ji kunyar ɗaya. Ta juya da furar ta koma ciki, tana kiran Inna.

Sanarwa

An yi maka alkawarin rabuwa da lasifika, da rago, da yabo, kuma duk ka samu. Ba a yi maganar tsawon kwanan yabon ba. Kamar kowane kaya na zamani, mai shi na iya dakatar da shi ba tare da neman izininka ba.

Mai wannan darasi ba ta da hannu cikin abin da zai biyo baya idan surukinka na jin Larabci, ko surukarka ta gano, ko aka fara tura wa Halilu na Zurmi kan rago. Abin da aka faɗa cikin mota daga Shinkafi zuwa Kaura, da wanda aka ƙi faɗa, ba sa cikin manhaja. Mai ƙorafi ya rubuto da Turanci mai zafi. Za a fahimci damuwarsa.